Keken Da Baba Ya Rataye

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar bazara, kwananmu goma sha ɗaya da sauka a Birnin Gwari, aka jera kekuna a inuwar dalbejiyar makarantar firamaren da aka sauke mu. Ina 'yar shekara goma, goye da ƙanwata jaririya, ina leƙe ta tagar ajin da muke kwana mu gida huɗu. Zafi ya sa iska tana rawa a saman filin ƙwallo, har na riƙa ganin kamar kekunan suna motsi da kansu. Babu sabo ko ɗaya a cikinsu. Wani an naɗe sirdinsa da tsumma, wani fedarsa guda ta katako ce, wani har da busasshen kashin kaji a madigadi, don tun da babur ya cika gari aka jingine su a zaure aka manta da su. Mutanen gari ne, na masallaci da na coci, suka bi gida-gida suka roƙo su domin mu 'yan gudun hijira, wani tsohon mai faci da ake kira Baba Yohanna ya yi kwanaki yana cire na wannan yana sa wa wancan har suka tashi. Shi ne kuma ya tsaya yana miƙa wa kowane maigida nasa, yana ta faɗin "Da tsohuwar zuma ake magani" kamar wani ya yi masa musu. Da aka kira Malam Tanko, mahaifina ke nan, ya fito yana ɗingishi ya karɓi wani baƙi mai koriyar kariya. Ya yi godiya, ya yi addu'a, sannan ya yi abin da ya ba kowa dariya. Bai hau ba, bai tura ba, sai ya saɓa keken a kafaɗa ya shigo da shi aji.

Daga wani ƙaramin ƙauye muka zo, can bayan Randagi, inda daji ke farawa daga bayan dangarmu. Ba zan daɗe a kan abin da ya fito da mu ba. Mutanen daji sun ƙwace babur ɗin Baba a hanya, sun kore shanun maƙwabta, daga baya saƙo ya zo cewa kowa ya san inda dare ya yi masa. Muka fito bayan sallar asuba, a ƙasa. Inna ta ɗauko tukunya da tabarma da jaririya, ni na riƙe hannun ƙanena Ɗanlami mai shekara huɗu. Baba kuwa, da gwiwarsa ta dama da ba ta koma daidai ba tun faɗowar da ya yi daga kan rumbu, bai ɗauko riga ta biyu ba. Abin da ya koma ya ciro shi ne zangarnun dawa guda shida da ke rataye a ɗakin girki.

Wanda bai tashi a gidan noma ba zai ce wauta ce, ni ma a ranar haka na ce a raina, don ina da 'yar tsana da aka hana ni komawa ɗaukowa. Amma wannan dawa ba ta ci ba ce, iri ce. Kowace kaka, kafin a sa lauje, Baba kan zagaya gona shi kaɗai yana duba kai-kai, ya zaɓi zangarnun da suka fi cika da nauyi, ya ɗaure su ya rataye a saman murhu, inda hayaƙin girkin Inna zai yi ta dukansu har su yi baƙi, ƙwari su kasa kusantarsu. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, shi ma haka ya ga nasa. Wata kaura ce mai ɗan ja, gajera, da tuwonta ke kwana biyu bai saki ba. Baba kan ce ba a taɓa sayen iri a gidanmu ba, kuma in ya faɗi haka har wani ƙara tsawo yake yi.

Da hutu ya ƙare 'yan makaranta za su dawo, aka rarraba mu cikin gari. Mu muka samu ɗaki guda na kwano a bakin gari, a gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ranar da muka tare Baba ya nemi igiya, ya taka turmi, ya rataye keken a jikin katakon rufi, ƙafafunsa suna lilo a saman kawunanmu. Kusa da shi ya rataye zangarnun. Inna ta tsaya tana kallonsa riƙe da ƙugu, shi kuwa ya sauko ya karkaɗe hannu ya ce, "Wannan na komawa gida ne. Ba zan cinye tayarsa a yawon gari ba." A lissafinsa sati biyu ne, in ya yi yawa uku, hanya za ta buɗe, ya ɗaura iri a kariya ya riga kowa isa gona kafin ruwan shuka.

Sauran waɗanda suka samu kekuna ba su yi wannan dogon tunani ba. Kafin sati ya zagayo kekunan sun zama jakunan unguwa. Da safe ka ga ɗaya da jarka huɗu yana dawowa daga famfo, wani da itace ya fi mai tuƙin tsawo, wani ya goyo matarsa mai ciki zuwa asibiti tana riƙe da gefen rigarsa da yatsa biyu don kunya. Maƙwabcinmu ya fara saro rake yana kaiwa tasha. Yara uku-uku ake lodawa zuwa makaranta, ɗaya a gaba, biyu a baya, suna wuce ni suna yi mini gwalo. Ni kuwa, mai keke a gida, ni ce mai zuwa famfo sau huɗu da bokiti a ka, in dawo in yi surfe, in goyi jaririya, in tafi aji huɗun da aka sa ni da ƙafata. Haushi nake ji ƙwarai, ba na ɓoyewa. Har 'yan matan unguwa, in muna carafke, sukan tambaye ni ko kekenmu ya yi ƙwai tukuna.

Duk da haka, in na ce ban so keken a rataye ba na yi ƙarya. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, Baba kan zaunar da ni da Ɗanlami a tabarma daidai ƙarƙashinsa, ya miƙa hannu ya juya feda. Ƙafar baya ta kama juyawa tana ƙis-ƙis-ƙis, hasken da ke shigowa ta hujin kwano yana tsalle a jikin wayoyinta. Sai ya ce, "To Uwata, riƙe da kyau, mun tashi." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Daga nan sai ya fara ba mu hanya. Mun bar kwalta, ga kukar nan mai kogo, ku sunkuya kada reshe ya kwashe ku. Ga gangaren rafi, sai ya saki feda ƙafar ta yi ta gudu ita kaɗai. Ga dutsen da birai ke zama suna zagin masu wucewa. Ni ina rufe ido, kuma wallahi ina jin ƙanshin ɗorawa, ina jin iska a kunnena, ina ganin kaɗanya ta zubo a gindin bishiya ba wanda ya riga ni tsinta. Muna isa bakin danga sai ya kama birki, ya buga ƙararrawa sau biyu, ya yi sallama da ƙarfi. Ɗanlami ne mai amsawa. Inna tana waje tana hura wuta, ba ta taɓa shiga wannan tafiya ba, amma na lura takan daina fifita idan muka kai rafi.

Wata safiya Baba Yohanna ya zo duba kekunan da ya gyara, kamar mai zagayen 'ya'yan da ya aurar. Ya leƙa ɗakinmu, ya ɗaga kai ya ga namu a rataye. Sannan ya zauna a dakali ya faɗi abin da ya kawo shi. Ƙanensa ya rasu bara, ya bar gona a bayan rafi, an share ta an ƙone, babu mai nomawa. In Baba yana so, ya shuka bana. Matsalar guda ce, nisa. Tafiyar awa biyu ce a ƙasa, kuma a shekarun nan ba mai kaiwa azahar a gonakin wajen. Rana na take tsaka kowa ke kama hanyar gari, don bayan nan dajin ba namu ba ne. Mai lafiyar ƙafa ma kafin ya isa rabin aikin ya wuce shi, balle Baba da gwiwarsa. A keke kuwa, kafin shayi ya huce ka isa.

Baba ya yi godiya mai tsawo, irin wadda ake yi in za a ƙi abu. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba Yohanna. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Irin nan ƙasarsa ya sani."

Tsohon ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito. "Malam Tanko, ni fa keke na ba ka, ba hoton bango ba. Gona yana nan, ba ya gudu. Damina ne mai gudu."

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙanshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Na biyu ya sauka, kekunan unguwa suka fara fita da sassafe da sungumi ɗaure a jiki. Sati ukun Baba ya zama wata biyu. Kullum yana bakin tasha yana tambayar direbobi labarin hanya, kullum ya dawo da "an ce jibi". Ni ce na fara ganin abin, ina shara: wani farin gari-gari a kan tabarma, daidai ƙarƙashin zangarnun. Na nuna wa Inna. Ta taka turmi ta sauko da ɗaya, ta buga a tafin hannunta, sai ga ƙananan ƙwari baƙaƙe suna watsewa. A gida hayaƙi ke tsaronsu. A nan kuwa girki a tsakar gida ake yi, murhun ma na haɗaka ne, ɗakinmu bai taɓa ganin hayaƙi ba. Duk cikinmu ba wanda ya tuna da wannan, har shi Baba da ya san dawa kamar yunwar cikinsa. Inna ta barbaɗa musu toka, amma ta san an makara. In damina ta wuce irin yana rataye, baɗi ba abin da za a tarar sai ɓawo.

Ta jira ya ci abinci, ta kawo masa zangarniyar a faifai ta ajiye a gabansa. Ya duba, ya kawar da kai, ya ce a ƙara sati guda. Inna mace ce mai kawaici, ko sunana ba ta faɗa don ni ce 'yar fari, kuma ban taɓa jin ta mayar wa Baba magana ba. Ranar ma ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, ƙwarin nan ba su san sati ba." Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa mai yawa, irin wanda manoma ke cewa in ka bar shi ka bar shekara. Da gari ya waye ta sauko da zangarnu uku, ta murje su a faifai, ta bushe, ta zuba a ƙoƙo. Baba yana zaune a buzunsa yana jan carbi. Ta ce, "Zan ɗauki rabi. In na yi laifi a yafe mini." Ya ci gaba da jan carbinsa. Ta aro sungumi wurin tsohuwa mai daddawa, ta goya jaririya, ta dube ni ta ce, "Ke, taso."

Ban taɓa sanin hanya tana da tsawo haka ba. Masu kekuna suna ta wuce mu suna yi mana sannu, laka tana kama silifas ɗina tana cirewa. Ƙoƙon irin yana kaina, ina tafe ina jin kamar kakannina ne gaba ɗaya na ɗauko, ga tsoron tuntuɓe. Muka tsallake rafi ruwa har gwiwa. Kafin mu isa, hantsi ya dubi ludayi, saman ƙasa ya fara shan iska. Gonar kuwa ga ta nan shimfiɗe, baƙa, mai faɗi, daji ya yi mata layi daga can gefe shiru. A gidanmu Baba ne mai sara, ya wuce gaba da sungumi yana buɗe rami, mu muna binsa muna jefa iri muna rufewa da dunduniya. Inna ba ta taɓa riƙe sungumi ba. Ta sara nan, ta sara can, wani ramin ya yi zurfi, wani ko kaza ba za ta yi wahalar tonewa ba, jaririya tana ta kuka a bayanta. Muka yi layi huɗu, kowanne da inda ya nufa. Na ɗaga kai na duba rana, na duba abin da ya rage, sai na ji hawaye. Inna ma ta duba, ta goge fuska da bakin zane, ta ci gaba da sara.

Ƙarar cen ɗin kekenmu na fara ji, don a rataye ma na san muryarsa. Na juya, sai ga baƙin keke yana gangarowa daga bakin rafi, laka har madigadi, Ɗanlami a gaba ya rungume kan keken yana washe baki, Baba yana taka feda da ƙafar hagu da ƙarfi, ta dama tana bi a hankali. A kariya ga faifai an ɗaure da igiyar da keken ke rataye da ita. Daga baya Baba Yohanna ya ba mu labari, yana dariya har da tari, cewa bayan fitarmu Baba ya murza sauran irin a tafinsa ya hura, ya ga kusan rabi ya bi iska. Sai ga shi a rumfar faci da keke a kafaɗa, don tayoyin da yake ta tattali duk sun sace a rataye, sai da aka yi musu famfo.

Ya jingine keken a gindin kaɗanya, ya tako ya tsaya a kan aikinmu. Ya bi layukan da ido har ƙarshe. Ni na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Wannan shuka ce ko sawun akuya?" Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane dariya take ko kuka. Ya karɓi sungumin daga hannunta, ya durƙusa da ƙyar ya ɗebi ƙasar ya murza, ya shinshina, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya yi bisimilla ya sara. Ban taɓa ganin yana aiki da sauri irin na ranar ba. Yana gaba yana ɗingishi, ramuka suna biyo shi a miƙe kamar an ja zare, ni da Inna muna baya muna jefa ƙwaya bakwai-bakwai maimakon huɗu, don ba mu san wacce ke da rai ba. Ɗanlami yana bin mu yana taka ramukan da aka riga aka rufe. Rana tana take tsaka, maƙwabtan gona suna kiran a tashi, muka rufe na ƙarshe.

Da Inna ta ɗaga faifai za ta karkaɗe, sai ta ga zangarniya guda a ƙarƙashi, ba a murje ta ba. Ta ɗago ta tana dubansa. Ya ce, "Bar wannan. Na gida ne." Ta naɗe ta a gefen zaninta.

Sawu biyu ya yi ranar, ya kai Inna da jaririya bakin kwalta ya dawo ya kwashe mu. Wannan ne hawana na farko, kuma duk daminar nan haka muka yi ta yi. Ina zaune a kariya, hannuna a aljihun rigarsa, gonaki suna wucewa kore shar, balbelu suna tashi daga cikin ciyawa. Wani lokaci barci ya ɗauke ni, goshina a bayansa, in farka in rasa ko tafiya muke ko dawowa. Dawar ta fito da giɓi-giɓi, muka yi dashe muka cike. Keken ya kai taki, ya kai Inna awo da ta samu cikin autanmu, ya kai ni makaranta har na rama gwalon da aka yi mini. Da kaka ya ɗauko dami bibbiyu yana nishi. Baba ya sauya masa taya sau nawa, ban iya ƙirgawa ba, kuma bai sake cewa na komawa gida ne ba. Zangarniya guda dai ba ta taɓa fashi ba. Kowace kaka, bayan ya ware irin baɗi, sai ya zaɓi wadda ta fi kowacce kyau ya rataye ta daban a 'yar rumfar girkin da ya yi wa Inna, ya sauke ta bara a ba kaji.

Yanzu shekara goma sha biyu ke nan. Ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, babur nake hawa zuwa aiki, kuma hanyar gonar da ta ci mana awa biyu ba ta kai a ba da labarinta ba. Jar kaurar nan ta bazu, maƙwabta sun roƙa sun shuka, har a kasuwa nakan gan ta in gane ta. An ce hanyar ƙauyenmu takan buɗe ta rufe, wasu sun koma, wasu sun je sun tarar da gamba ta fi su tsawo a tsakar gida sun juyo. Baba ya yi ta cewa sai gwiwa ta yi sauƙi. Bara da rani muka kai shi makwancinsa a nan Birnin Gwari, Baba Yohanna yana tsaye daga gefe da sandarsa har aka watse. Ina kewarsa, ina kuma kewar yarinyar da ta yarda cewa jibi za a koma.

Bana Ɗanlami ne ya yi girbi. Na je taya Inna ɗaurin dami, sai na same shi a rumfar girki ya taka turmi, yana rataye zangarniya guda nesa da sauran. Shi da ya bar ƙauyen yana ɗan shekara huɗu, ko ƙofar gidanmu ba zai iya nunawa ba. Na ce, "Wannan fa?" Bai ko juyo ba ya ce, "Na gida ne, Yaya." Na riƙe masa turmin har ya gama ɗauri. Ban tambaye shi wane gida ba.